Shekaranjiya aka miƙo min wuƙar Baba

Baban Sadiƙ:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sallah, Allah ya maimaita mana. Akwai abin da yake ta cina tun ranar Juma'a na kasa faɗa wa kowa a gida, shi ya sa na kawo shi nan. Wannan ce babbar sallah ta farko da muka yi babu mahaifinmu, ya rasu bara bayan sallah da kamar wata biyu, Allah ya jiƙansa da rahama. Kamar yadda aka saba duk muka hallara a gidanmu na cikin gari, mu tara ya haifa, ga matanmu ga 'ya'ya, tsakar gida ba masaka tsinke. Da muka sauko daga idi an kwanto ragon daga gindin darbejiya, yara sun haƙa rami, kowa ya tsaya cirko-cirko, ni ma na tsaya, wlh jira nake yi, don tun ina ɗan shekara goma aikina a wurin nan shi ne in danne ƙafafun baya, jikina ya riga ya saba, har na fara naɗe hannun riga. Sai ga Hajiya ta fito daga ɗakin Baba da wuƙar nan tasa mai baƙar ƙota a naɗe cikin tsumma, ta miƙo min ba ta ce uffan ba. Na waiwaya bayana ko akwai wani babba, babu kowa sai bango. Baffanmu ɗaya da ya rage yana Kaduna, ƙafa ta hana shi tafiya.

Na yi yankan dai, na fuskantar da shi alƙibla na yi bismillah na yi kabbara, amma hannuna rawa yake yi, kuma wanda ya danne min ƙafafun baya Sadiƙ ne ɗana. Bayan la'asar aka shimfiɗa min buzun Baba a soro, mutanen unguwa da suka saba zuwa yi masa barka da sallah suka dinga shigowa suna zama a gabana, 'ya'yan ƙannena suna durƙusawa har ƙasa wai Baba ina wuni, autanmu da nake kai wa makarantar allo a wuya na dube shi da kyau na ga furfura a gemunsa. Da za a tashi aka ce Yaya a yi mana addu'a. Shekarata 46, ban taɓa ɗaukar kaina dattijo ba, a raina har yanzu ni ɗan Alhaji ne da ake aika sayo goro. Ashe haka abin yake zuwa, rana ɗaya? Ko ni kaɗai ne na taɓa jin irin wannan?

Maman Hanifa:
Allah sarki, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Wlh ka sa ni hawaye da safen nan. Ba kai kaɗai ba ne, mu mata ma mun riga ku gani, a madafa ake faɗa mana. Ni a gidanmu shekara da shekaru tuwon sallah ni ce a kansa, tun asuba ni zan ɗora tukunya ni zan yi talge ni zan tuƙa, Innarmu ba ta yarda kowa ya taɓa miyar taushe sai ni. Ƙaramar sallar da ta wuce na ɗauki muciya kenan sai 'yar ƙanwata ta zo ta karɓe a hannuna cikin ladabi ta ce Umma ki je ki zauna mu za mu yi, ta kawo min kujera 'yar tsugunno ta ajiye a inuwa daidai inda Innarmu take zama tana ba da umarni. Na zauna ina kallonsu, ba abin da suka ɓata, har gishirin daidai, kuma wlh da sun ɓata da sai na fi jin sauƙi a raina.

Malam na Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta masa. Baban Sadiƙ abin da ya same ka girma ne ya faɗo maka, tsufa kuwa da saura in Allah ya ja kwana, abu biyu ne mabambanta. Akwai wanda girma ya hau kansa yana ɗan shekara ashirin da biyar don mahaifi ya tafi da wuri, akwai mai saba'in da har yanzu yana da wanda zai durƙusa wa. Amma kuma kada mu ruɗi kanmu, Alƙur'ani da kansa ya ambaci shekara arba'in a Suratul Ahƙaf aya ta 15, cewa idan mutum ya kai cikar ƙarfinsa ya kai arba'in sai ya roƙi Allah ya kimsa masa godiyar ni'imar da ya yi masa shi da mahaifansa, ya kuma gyara masa zuriyarsa. Duba ka gani, iyaye a baya 'ya'ya a gaba kai a tsakiya, wurin da ka tsaya kenan da wuƙa a hannu. Kuma ya zo a hadisi cewa shekarun al'ummar nan tsakanin sittin ne da saba'in, kaɗan ne ke wuce haka, shi kansa Annabi SAW 63 ya yi. To mai 46 ya san inda rana take.

Autan Hajiya:
Ni dai gaskiya ina ganin kuna saurin tsufar da kanku ne. 46 ai yanzu aka fara, a ofis ɗinmu akwai masu hamsin da ɗoriya da suke buga ƙwallo duk Asabar. Matsalarmu Hausawa da mutum ya aurar da 'ya ɗaya sai ya nemi sanda da carbi ya koma bakin masallaci, tun jiki bai gaza ba zuciya ta riga ta kwanta. Ka yi haƙuri Yaya rashin Baba ne yake taɓa ka, in an kwana biyu zai wuce.

Maman Hanifa:
Auta shekararka nawa tukuna?

Autan Hajiya:
29 Anti.

Maman Hanifa:
To Allah ya raya ka ya kai ka, ka ajiye maganar nan taka a wuri mai kyau za ka neme ta. Ba wanda ya ce ya gaza, cewa ya yi ya waiwaya bai ga kowa a bayansa ba, kai kuwa har yau in ka shiga gida akwai mai ce maka ka ci abinci kuwa.

Bagobiri:
Barkanmu da sallah jama'a. Ni abin da ni gani daban ne, ku bari in hwaɗa maku. Sallag ga ta bana 2025 ranar 6 ga watan Yuni anka yi ta, hadari na haɗuwa, manoma na jiran ruwan shuka su kankama. Ina zaune ƙohwar gida ina kallon sama sai ƙamshin ƙasa ya tuna man wata sallar layya da munka yi muna yara, ruwa ya tashi muna cikin babbakar kawuna munka kwashi itace da gudu zuwa zaure. Nic ce to wace shekara ce layya ta hwaɗo farkon damina haka muna yara, da ni lissahwa sai ni ga 1992 ce, ita ma cikin Yuni anka yi ta. Kun san watanmu na Musulunci kowace shekara yana matsowa da kamar kwana goma sha ɗaya, sai ya yi wajen shekara 33 kahin ya zagayo inda ya baro. Ke nan duk wanda ya tuna layya cikin irin wanga yanayi da wayonshi, ya ga zagaye guda cikakke. Mun yi azumi cikin sanyi wajen 1999 da 2000 muna rawar ɗari wurin sahur, mun yi shi tsakiyar damina wajen 2011 da 2012, mun sha na zahin bazara, ga shi ya komo Maris kamar yadda munka fara shi muna ɗiya ƙanana. Wanda duk ya ga zagaye na biyu ya kai kusan tamanin. Ni tun ranan nake tunanin ko za ni sake ganin layya cikin Yuni.

Baban Sadiƙ:
Innalillahi. Bagobiri ka tsaya, wlh ka sa na tashi zaune. Na tuna sallar 1992 sarai, ina aji ɗaya a sakandare, lokacin Babangida ne ana ta hayaniyar jam'iyyun SDP da NRC, doki da mikiya a manne a kowane bango na unguwarmu. Shekarar ce Baba ya ba ni sabuwar naira hamsin in kai wa mai fiɗa, wazobiya, ba ta daɗe da fitowa ba, na dinga juya ta ina kallon hotunan mutanen jiki har ya daka min tsawa. To ga abin da ya sa jikina ya yi sanyi yanzu. Baba kullum yana cewa an haife shi shekara ɗaya bayan an gama yaƙin Hitila, wato 1946 kenan. Ku lissafa. A sallar nan ta 1992 shekararsa 46 cif, shekaruna na yau. Mutumin nan da nake gani kamar dutse, wanda in ya yi gyaran murya a soro duk gidan sai ya yi tsit, wanda nake ganin ya san amsar komai a duniya, ashe sa'ana ne na yanzu. Kuma kakanmu bai daɗe da rasuwa ba a lokacin. Ko shi ma hannunsa ya yi rawa ban lura ba don ina can ina fama da ƙafar rago? Sadiƙ shekararsa 13, ni ma 13 nake a lokacin.

Uwar Biyu:
Subhanallah, tsigar jikina ta tashi. Allah ya jiƙan iyayenmu.

Ta Damagaram:
Sannunku da sallah 'yan uwa na Najeriya. Mu nan kun san ba kamar ku muke yi ba, ba a yanyanka rago ranar sallah, buɗe shi ake yi a tsire shi jikin itace a jera kewaye da wuta babba ya wuni yana gasuwa a hankali, sai washegari a sauke a raba. To aikin tsaron wutar nan na maza ne da samari, mu kuma kayan ciki ne namu. Abin da ya taɓa ni bana rabon nama ne. Tun ina yarinya ni ake ɗora wa kwano a kai a ce kai gidan Gwaggo wance, kai gidan Kawu wane, in dawo da dala biyar dala goma na barka da sallah a ƙulle a bakin zane. Bana ina zaune sai yara suka yi ta sallama suna shigowa da kwanuka, wannan cinya wannan haƙarƙari, wai an ce a kawo wa Gwaggo. Na ƙirga kwano bakwai. Na zauna na lissafa gidajen da nake kai wa da, guda goma sha ɗaya ne, yanzu saura biyu masu rai. Gidana ne ya koma gidan da ake kai wa nama, ban san ranar da aka yi canjin ba.

Kawun Yara:
Ni wajen barka da sallah na gane nawa. Mu da sule ake ba mu, wanda ya samu ficika ranar ba ya barci, in wani Alhaji ya yi bajinta ya ba ku Murtala ɗaya ku raba ku goma sai an yi sati ana labari. Jiya na canjo 'yan ɗari bibbiyu sababbi na zauna ina rabawa, wata 'yar ƙanena mai shekara takwas ta karɓa ta yi godiya sannan ta tambaye ni wai wane ne wannan mai rawanin a jiki, na ce Sardauna ne, ta ce waye Sardauna. Na fara ba ta labari sai na ji bakina yana cewa a zamaninmu, kalmar da in Babanmu ya faɗa muke zumɓura baki. Daga nan hira ta kai mu hawan Daushe nake ba su labarin yadda muke hawa katanga a Ƙofar Kudu mu hango Sarki Ado a ƙarƙashin lema ana ta buga bindiga, sai babban cikinsu ya ce shi bai taɓa ganinsa ba sai a hoto. Na ce kai haba, sai na tuna 2014 ya rasu, yaron kuma shekarar aka haife shi. Sarkin da ya yi shekara hamsin da ɗaya a kan gado tun 1963, mu da iyayenmu duk shi muka buɗi ido muka gani, ga yara sun taso har sun fara sakandare ba su san shi ba.

Autan Hajiya:
To ai laifinku ne Kawu da ba kwa ba su labarin sai ranar sallah. Kullum cewa ake yaran yanzu sun lalace da waya, jiya a gidanmu manyan ne kowa ya sunkuyar da kai a kan waya ana tura hoton rago a sitatus, kakarmu tana zaune ita kaɗai a kan darduma ba mai ce mata kanzil, ni na je na zauna da ita har magariba. Ta ba ni labarin yadda suka je Makka da jirgi karon farko da yadda aka canja kuɗi daga fam zuwa naira a 1973 ta ƙi karɓar sabon kuɗin wata guda, abubuwan da ko Babana bai taɓa faɗa min ba.

Kawun Yara:
Wannan kam ka faɗi gaskiya Auta, ba ni da ta cewa. Ka riƙe kakar nan taka da kyau, ka dinga ɗaukar muryarta a wayar.

Ma'aikaciyar Jinya:
Barkanmu da sallah. Tunda ana maganar shekaru bari in sa baki ta ɓangaren aikina, don duk bayan babbar sallah sai mun ga mutane an kawo su jini ya hau. Abin da yawancinmu ke fara lura da shi bayan arba'in ido ne, ka ga mutum yana nisanta waya ko Alƙur'ani daga fuskarsa kafin ya iya karantawa, ko mace ta kasa zura zare a allura, wannan ba ciwo ba ne, ƙwayar idon ce ta rage laushi, tabarau na karatu ya wadatar. Wanda nake tsoro shi ne wanda ba ya sallama, hawan jini da ciwon suga, mutum zai yi shekaru da su yana yawonsa lafiya lau sai rana ɗaya a ce ya faɗi a banɗaki ɓarin jiki ya shanye. Don Allah duk wanda ya haura arba'in ya dinga gwada jininsa, in ana gwadawa ana samun 140 bisa 90 ko sama da haka a je a ga likita, kar a tsaya sai kai ya yi ciwo. Kuma kwanakin nan a sassauta da soyayyen nama da kitse da gishiri da lemon kwalba. Baban Sadiƙ yanzu mutum nawa ne suke kallonka, ka ga lafiyarka ta zama tasu.

Baban Sadiƙ:
Na gode ƙwarai, in sha Allahu zan je a gwada bayan hutu, rabona da gwaji tun rashin lafiyar Baba. To tunda kun saurare ni bari in ƙarasa muku, don akwai sauran magana kuma ita ce ta hana ni barci. Daren sallah bayan yara sun kwanta muka zauna mu tara a soro, sai ƙanena da ke Abuja ya kawo maganar gidan. Ya ce gini ne na ƙasa, azarar ɗakin kudu ta fara ruɓewa, duk damina sai an yi yaɓe, mota ba ta shiga lungun, kowa yana da inda yake zaune, gara a sayar a raba gado kowa ya ɗauki haƙƙinsa, Hajiya ta koma gidana ko gidansa. Mutum huɗu suka goyi bayansa har da mata biyu, kuma wlh ban ga laifinsu ba, ɗaya mijinta ya rasu tana da marayu biyar tana haya, shi kuma na Abujan tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin da yake kashewa ya kawo iyalinsa Kano ya ninka ya sake ninkawa. Sauran suka ce in aka sayar da gidan nan an gama sallah tare har abada. Aka yi ta ja, can sai kowa ya yi shiru suka juyo suna kallona, wai Yaya me ka ce. Da Baba ne kalma ɗaya zai faɗa a tashi. Na ce a ba ni lokaci. Ku ba ni shawara don Allah.

Malam na Tudun Wada:
A nan kam ba na son a sa son zuciya. Gado haƙƙi ne, da mutum ya rasu dukiyarsa ta zama ta magada, Hajiya tana da tumuninta tunda akwai 'ya'ya, saura a raba namiji rabon mata biyu. Jinkirta rabo ba tare da yardar kowa ba zalunci ne ko da niyyar mai kyau ce, balle akwai mai marayu tana biyan haya. Mun ga gidaje da yawa da aka ce a bar su don zumunci, bayan shekara ashirin jikoki suka kai juna kotu, zumuncin da ake gudun ya lalace ya lalace gaba ɗaya. Zama babba bai ba ka ikon riƙe rabon kowa ba.

Maman Hanifa:
Malam ba wanda ya ƙi shari'a, amma a tambayi Hajiya tukuna mana. Matar da ta shiga gidan nan tana amarya, ta haihu tara a ciki, maƙwabtanta na shekara hamsin suna nan, a ɗauke ta a kai ta bene a Abuja ta wuni ita da talabijin? Mu mun yi wannan kuskuren, aka sayar da namu aka kai Innarmu sabuwar unguwa gida mai tayil da komai, kullum tana zaune a bakin taga, ba ta ƙara shekara biyu ba. Kwana ya ƙare ne na sani, amma har yau abin yana raina. Kuma tun daga lokacin ba mu ƙara haɗuwa mu duka a sallah ba, kowa sai ya ce a zo gidansa, 'ya'yanmu yanzu a biki suke haɗuwa ana nuna musu wannan ɗan Kawunku ne.

Ɗan Zango:
Gaisuwa daga Kumasi. Namu kakan daga Kano ya zo fataucin goro ya zauna nan, gidan da ya gina a zango har yau yana nan kuma nan muke sallah. Abin da iyayenmu suka yi, an kira masu sanin farashi suka yi wa gidan kuɗi, aka lissafa rabon kowa, masu hali a cikinsu suka sayi rabon masu buƙatar kuɗi aka biya su a hankali aka rubuta aka sa hannu gaban shaidu. Wanda yake son kuɗinsa ya samu, gida kuma bai fita daga dangi ba. Ban ce zai yi muku ba don ban san ƙarfinku ba, amma ku duba.

Malam na Tudun Wada:
Wannan hanya ce mai kyau in kowa ya yarda da kuɗin da aka yanke kuma ba a ja biyan ba. A fara da mai marayun.

Bagobiri:
Ni dai abin da za ni ƙara, ba gini ka tara mutane ba, mutum ne. Gidanmu na nan tsaye ba a saishe shi ba amma tun da tsohonmu ya rasu ba mai zuwa, don babban wanmu bai ɗauki abin da zahi ba, ba ya kiran kowa ba ya zuwa gidan kowa, ga gida ga rijiya ga zaure sai jemagu. Baban Sadiƙ in kun riƙe gidan to ka san kai za ka riƙa buga waya tun watan Zulƙida kana cewa wane kana tahe ko, kai za ka biya ma wanda bai da kuɗin mota, kai za ka haɗiye maganar da ba ta haɗiyuwa. Babba juji ne, haka tsohonku ya yi shekara da shekaru ba ku sani ba.

Autan Hajiya:
Amma fa ku tuna mu ƙananan ma muna da bakin magana, kar a ce komai sai abin da Yaya ya ce. Wani lokacin shi ya sa muke gudun taron, ka zo daga nesa a zaunar da kai kamar yaro.

Uwar Biyu:
Auta ai shi ya sa ya ce a ba shi lokaci bai yanke ba. Ni ina ganin wannan ma alama ce mai kyau.

Baban Sadiƙ:
Na karanta duka, Allah ya saka da alheri, wlh kun rage min nauyi. Ɗazu bayan azahar na shiga wajen Hajiya na same ta tana tsame nama daga mai tana zubawa a bokitin fenti irin yadda take yi duk shekara, na zauna na faɗa mata komai. Ta daɗe ba ta yi magana ba, sannan ta ce ita dai a bar ta a ɗakinta har ta bi mijinta, amma kar a hana 'yar uwarmu haƙƙinta ko da kwana ɗaya, in ma tumuninta za a sayar a fara biyanta ta yafe. Na kawo mata shawarar Ɗan Zango ta ce in kira su duka kafin na Abuja ya koma ranar Talata. Sai na tambaye ta abin da ke raina, na ce Hajiya shekarar da Kaka ya rasu da Baba ya fara yanka da kansa yaya ya yi. Ta ce ai daren sallar bai runtsa ba, yana soro yana wasa wuƙar nan a dutse har aka kira assalatu, da safe kuma ya kasa cin hantar.

Ta ce in tafi da wuƙar gidana na ce a'a a mayar da ita inda take a saman ƙofar ɗakinsa. Yanzu zan fita in kai wa Gwaggonmu ta Fagge nata kason, da Sadiƙ zan tafi don ya san gidan, gobe da safe kuma mu kama hanyar Kaduna wajen Baffa.

Ta Damagaram:
Allah ya kai ku lafiya. Ka gaishe da Hajiya, ka ce wata 'yarta a Damagaram tana yi mata barka da sallah. In kun zauna da 'yan uwan ka dawo ka faɗa mana yadda kuka yi.